Selwyn Pogson, Ka Bar Mu a Bakin Ƙofa

Rai aron Allah ne, kuma idan ya tashi karɓar abinsa ba ya shawara da kowa. Ranar Talata, 8 ga Oktoba, 2019, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Selwyn Pogson na ƙauyenmu Withenroyd ya rasu a asibiti bayan jinyar kwana tara, yana da shekara tamanin da ɗaya. Ya bar matarsa Audrey, da 'yarsa tilo Gillian, da jikoki uku. Ya kuma bar mu, 'yan Ƙungiyar Tattakin Kaka, wadda ya kafa da hannunsa, ya ja ragamarta shekara talatin da shida.

Ina tsaye a bayan gida ina kankare busasshiyar laka daga takalmana wayar Gillian ta shigo. "Anti Mavis, Baba ya tafi," iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Na zauna a kan matakala, takalmi ɗaya a hannuna, ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Tun a makon 'yan ƙungiya suka ce ni zan rubuta ta'aziyyarka a takardar labaran ƙungiyarmu, Selwyn, tunda ni na fi kowa daɗewa da saninka. Ga shi yau wata biyu ke nan sai yanzu na ɗauki biro. Da na rubuta a makon farko, da yabo ne tsantsa zai fito, kuma da na fi jin daɗin rubuta shi. Amma a tsakanin nan an yi zama a kan Hanyar Masaƙa, hanyar da muka yi shekara biyu muna fafutukar kada a ƙwace mana, kuma abin da ya fito a zaman nan kowa a garin nan ya ji shi. Ba zan yi kamar ban ji ba. Zan faɗi alherinka, domin yana da yawa, sannan in faɗi sauran.

Ina 'yar shekara goma sha biyar na fara aiki a masaƙar ulu ta bakin hanyar ruwa, a 1960. Kai kana da ashirin da biyu, kana gyaran injinan saƙa, kullum da fensir a bayan kunne da baƙin mai har gwiwar hannu. A ɗakin injina ba a jin magana, da leɓe ake yi, ni kuwa ban iya karanta leɓe ba tukuna. Kwana uku shugabar ɗakinmu tana zagina ina yi mata murmushi ina ɗaga kai, a zatona koya mini aiki take yi. Kai ne ka ja ni gefe lokacin shan shayi ka ce, "Ke 'yar gidan Crowther, daina yi wa matar nan murmushi, jaka take ce miki." Daga nan ka riƙa tsayawa a bayan injina minti biyar kullum kana motsa mini baki ina cankar abin da ka ce. Kalmomin farko da ka koya mini duk na zagi ne, wai don in san lokacin da ya kamata in ɓata rai.

Da aka rufe masaƙar a 1982, ƙauyen nan ya yi shiru irin na gidan makoki. Maza suna zaune a gida da rana tsaka, ba mai son haɗa ido da wani a kanti. Kai ne ka bi gida-gida a kakar shekarar da ta biyo baya kana ƙwanƙwasa ƙofa. Ka ce tunda ba mu da kuɗin zuwa bakin teku, kuma ba mu da aikin da za mu ɗauki hutu daga gare shi, to mu yi hutunmu da ƙafa. Mutum goma sha ɗaya muka fito a shekarar farko, yawancinmu da takalman aiki. Kafin shekara goma sai ga mutane suna zuwa daga Leeds da Manchester, har da Landan, suna kwana a zauren makarantar Lahadi a kan katifun aro, suna biyan kuɗi don su zo su sha ruwan saman da mu muke sha kyauta. Masu sayar da burodi da mai gidan shayi na bakin gada sun san abin da makon tattakin nan yake kawo musu.

Tsarin makon bai taɓa sauyawa ba, kuma wanda ya kawo shawarar a sauya shi ya san abin da ya ji daga bakinka. Kwana biyu na farko a bin hanyar ruwa, domin ƙafafun baƙi su saba. Ka san kowace ƙofar ruwa, wato ƙofofin da ake buɗe wa kwalekwale ya wuce, da lambarta, ka san wadda take cijewa, ka san inda igiyar dawakan jan kwalekwale ta ci dutsen gada ta bar gurbi, kuma dole kowane baƙo ya sa yatsansa a gurbin nan ko yana so ko ba ya so. Daga nan sai ƙauyukan masaƙa, ɗaya bayan ɗaya, kana nuna bututun hayaƙin da suka rage kana kiran sunayen waɗanda aka rushe. Ranar ƙarshe kuwa ta tudu ce. A kowace katanga kana tsayawa ka ƙirga mu kamar tumaki, ba ka tsallakawa sai na ƙarshe ya tsallaka. A saman tudu, a gindin Dogon Dutse, kake buɗe jakarka ka fito da kek ɗin citta na Audrey, ka yanka da wuƙar aljihunka, kowa yanki ɗaya. Wanda ya nemi ƙari sai ka ce masa, "Badi."

Ban manta shekarar da hazo ya rufe mu a saman tudu ba, muna mutum talatin da huɗu, ko tafin hannunka ba ka gani. Wani malamin makaranta daga Leicester ya fito da taswira da kamfas mai nuna arewa yana ta bayani, ka bar shi ya gama, sannan ka ce kowa ya kama jakar na gabansa. Da sautin ruwan da ke gudu a ƙarƙashin ciyawa ka sauko da mu, awa biyu, ba ka yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da muka iso titi malamin ya tambaye ka yadda ka yi. Ka ce masa, "Malam, tudun nan bai iya karatu ba, bai san abin da aka rubuta a takardarka ba." Haka kuma ban manta ranar da ka shiga hanyar ruwa har ƙirji, a cikin sanyin Oktoba, don ka ciro tunkiyar wani, tunkiyar ta saka maka da harbi a ƙugu. Mako guda kana ɗingishi kana cewa ta fi wasu mutanen garin nan godiya.

Alherin da ka yi mini ni kaɗai ya fi waɗannan. Lokacin da mijina Len ya rasu a 2004, bayan ƙurar ulu ta gama cinye masa huhu, na rufe labulena na daina fita. Mutane suka yi ta zuwa da miya da kalaman haƙuri har suka gaji. Kai ba ka kawo komai ba, ba ka kuma ce komai ba. Kowace Asabar da ƙarfe tara sai in hango ka ta ƙasan labule, ka zauna a kan katangar gidana da sandarka, ka yi rabin awa, ka tashi ka tafi. Sati bakwai kana haka. A na takwas haushi ya sa na buɗe taga na ce, "Wai kai ba ka da gida ne?" Ka ce, "Ina da shi. Ke kina da takalmi?" Ranar muka hau Hanyar Masaƙa mu biyu har Dogon Dutse. A can na yi kukan da ban yi ba a wurin jana'iza, kai kuma ka juya baya kana kallon tumaki har na gama.

Wanda bai taso a nan ba zai ce mene ne abin tada jijiyar wuya a kan hanyar da ba ta kai mil biyu ba. Tana tashi daga ƙofar ruwa ta goma sha bakwai, ta bi bayan tsohuwar masaƙa, ta ratsa gonar Lumb, ta hau tudu. Duwatsun da aka shimfiɗa mata sun lotsa a tsakiya saboda takun iyayenmu da kakanninmu. Ita kaɗai ce hanyar da tsoho ko mai ciwon gwiwa zai iya bi ya kai saman tudu. Idan babu ita sai a zagaya ta titin mota, mil biyar, da manyan motoci suna watsa wa mutum ruwa. A kakar 1991 muka iso ƙofar gonar muka tarar da Hubert Lumb, mai gonar, a tsaye da karensa, ya ce ba mai wucewa. Ka ce mu dakata, ka bi shi cikin gida kai kaɗai. Bayan minti ashirin ka fito, hularka a kanka, ka ce, "Na gaya masa kakata ta bi hanyar nan tun kafin ubansa ya san akwai gonar nan a duniya. Ku wuce." Muka yi ta tafi da sowa. Shekara ashirin da takwas muna ba baƙi labarin nan a bakin ƙofar nan, kai kana gefe kana sunkuyar da kai irin na mai jin kunyar yabo.

Hubert ya rasu a 2015. 'Ya'yansa suka sayar da gonar da tudun ga wani kamfani mai kawo attajirai harbin fakara, kuma a bazarar 2017 muka wayi gari an sa wa ƙofar sarƙa da kwaɗo. Doka a nan a fili take. Idan jama'a suka yi shekara ashirin cur suna bin hanya, ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, kuma ba tare da neman izinin mai ƙasa ba, hanyar ta zama ta kowa, ba mai ikon rufe ta. Amma wanda ya nemi izini baƙo ne, ko da shekara ɗari ya yi yana bi, kuma mai gida yana da ikon sallamar baƙonsa ranar da ya ga dama. Zirga-zirgar zamanin masaƙa ba ta shiga lissafi, domin a lokacin ƙasar ta masu masaƙa ce, mu kuma ma'aikatansu. Saboda haka duk hujjarmu ta rataya ne a kan shekaru ashirin na ƙarshe, wato a kan ƙafafun 'yan ƙungiyarmu. Yaron goye a ƙauyen nan ya san wannan doka, balle kai da ka koya mana ita.

Aka naɗa ni sakatariyar neman hanya. Na bi gidaje, na rubuta wa tsofaffin baƙinmu har waɗanda suka koma Kanada, na tara fom arba'in da uku na shaida. A kowane fom akwai tambaya ta tara: shin ka taɓa neman izini, ko an taɓa nema a madadinka? A teburin kicin ɗina muka cike nawa, kana zaune a kujerar Len kana shan shayina. Da na zo kan tambayar na ɗago kai na dube ka.

"Selwyn, ranar nan da ka shiga gidan Hubert, ba ka dai ce masa don Allah ba ko?"

Ka yi dariya har shayi ya sarƙe ka. "Ni? Ke Mavis, tsufa ya fara taɓa ki. Rubuta a'a, ki danna biron sosai yadda za su gani daga Landan."

Na rubuta, na danna, na sa hannu a ƙasa cewa gaskiya na faɗa. Mutum talatin da biyar suka yi yadda na yi, domin ni na nuna musu wurin.

An yi jana'izarka ranar Juma'a, 18 ga Oktoba. Majami'a ta cika har waje, mutane da takalman tattaki a ƙarƙashin baƙaƙen kaya kamar yadda ka yi wasiyya. Na tsaya a gaban jama'a na ce Selwyn Pogson bai taɓa cire hula ga mai ƙasa ba. Na ce ranar Talata za mu shiga zauren ƙauye mu karɓo masa hanyarsa. Mutane suka yi tafi a cikin majami'a, abin da ban taɓa gani ba. Na lura Audrey ba ta ɗago kai ba, na ɗauka nauyin rashi ne.

Ranar Talata zaure ya cika. Jami'in da gwamnati ta aiko don ya yanke hukunci a kan hanyar yana zaune a teburin da muke yin shayin Kirsimeti a kansa, ni ce shaida ta farko. Na yi bayani tiryan-tiryan, har na ba da labarin 1991, mutane suna gyaɗa kai. Sai lauyar kamfani ta tashi, wata yarinya mai sanyin murya da ba ta wuce sa'ar jikata ba, ta ɗora wani tsohon gwangwanin biskit a kan tebur. Ta nemi afuwar jami'in, ta ce a makon da ya wuce ne ma'aikata suka same shi a bayan kabad suna kwashe kayan gidan Lumb.

"Misis Dyson, kin san rubutun hannun marigayi Mista Pogson?"

"Na fi sanin sa a kan nawa," na ce. Har da ɗan murmushina.

"To ko za ki taimaka ki karanta mana wannan?"

Na sa tabarau. Takarda ce shuɗiya, irin wadda kake rubuta mana jadawalin tattaki a kanta. Na karanta da ƙarfi, domin ban gane abin da nake karantawa ba sai da na kai tsakiya. "Zuwa ga Mista Lumb. Bayan gaisuwa mai yawa, ina sake roƙon alfarmarka, a madadin 'yan ƙungiyarmu da baƙinmu, ka ƙyale mu mu bi ta gonarka a wannan shekara kamar yadda ka saba yi mana. Mun san alheri ne kake yi mana, ba haƙƙinmu ba ne. Audrey ta aiko da ɗan abin taɓawa. Naka mai godiya, S. Pogson." Wasiƙa ashirin da biyar ne a gwangwanin, kowace Satumba ɗaya, daga 1991 har shekarar da Hubert ya rasu. Ba ka tsallake ko shekara ɗaya ba. Kowa ya san ka da tsari.

Ban san yadda na koma kujerata ba. Abin da nake tunawa shi ne ƙarar injin ɗumama ɗaki, da kuma Doreen Uttley, wadda ta yi shekara tamanin da huɗu ta zo a keken guragu don ta ba da shaida, tana tambayar na kusa da ita da ƙarfi, "Me ta ce? Wa ya rubuta?" Lauyar ma ba ta yi murna ba, ta ce ba ta da sauran tambaya, ta zauna tana kallon takardunta. Da ta yi mini dariya da ya fi mini sauƙi.

Ka ci amanata, Selwyn. Na juya maganar ta kowace fuska, ban sami wani suna da zan ba ta ba. Wasiƙar farko ba ta dame ni ba. Mutum yana da baƙi talatin a bayansa, ga mai gona da kare, ya shiga ya yi lallashi, wannan kowa zai iya yi. Ko ƙaryar da ka fito ka yi mana a bakin ƙofa zan iya haɗiye ta, domin mu ma mun so jin ta, mu da aka kora daga aiki ba wanda ya tambayi ra'ayinmu, muna neman namiji ɗaya da zai tsaya mana. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne shekara biyun nan na ƙarshe. Ka gan ni ina hawa motar haya da jakar fom a cikin ruwan sama. Ka ga Doreen, da tsufanta, tana sa hannu. Da ka faɗa mana tun farko, da mun bar 'yan ƙungiya mun nemi waɗanda ba su taɓa shiga cikinmu ba, masu yawo da karnuka, masu gudun safe, masu kiwo, da wataƙila mun tara abin da zai isa. Lokacin yana nan a hannunmu, ka zauna a kicin ɗina kana kallo ya wuce. Na tambaye ka ido da ido, ka yi mini dariya.

Kwana goma ban je gidanku ba. Ranar da na je, Audrey ta buɗe ƙofa tun kafin in ƙwanƙwasa, ta ce, "Shigo, na san za ki zo, butar tana kan wuta." Ban zauna ba.

"Kin sani?"

"Ni nake kai wasiƙun gidan waya, Mavis. Tire biyu nake gasawa kowace kaka, ɗaya naku, ɗaya na Hubert. Ke kina ganin don son citta nake sayen gari buhu guda?"

"Kina zaune a majami'a ina ta zuba kamar rediyo, ba ki ja mini riga ba?"

"In ja miki riga a gaban gawarsa? In ce me?" Ta share hannunta a jikin zanen aikinta, ko da yake ba ruwa a hannun. "Shekara biyu ina yi masa magana. Kullum sai ya ce Hubert ba ya ajiye takarda, da ita yake kunna murhu. Na ce masa ko ya ƙona su, ai kai ka san ka rubuta. Sai ya ɗauki hularsa ya fita."

Na tambaye ta me ya hana ka faɗa mini ni kaɗai, ko a ɓoye. Ta dube ni ta ce, "Ke ce ma ba zai iya faɗa wa ba. Kowa a garin nan yana son sa, amma ke kin yarda da shi." Ban ji sanyi a raina da wannan magana ba, kuma har yanzu ban ji ba. Sai ma ta ƙara mini zafi, domin ta nuna ka san girman abin da kake wasa da shi.

Hukuncin ya iso a ƙarshen Nuwamba, shafi goma sha huɗu. Jami'in ya rubuta cewa bai yi shakkar gaskiyar shaidu ba, amma fom talatin da shida sun faɗi saboda wasiƙun, bakwai ɗin da suka rage kuma ba su isa ba. Hanyar Masaƙa ba ta jama'a ba ce. Kamfani ya cire sarƙar ya sa sabuwar ƙofar ƙarfe mai tsayi. Mutum tara sun fita daga ƙungiya. Mai gidan shayi na bakin gada ya tambaye ni ko za a yi makon tattaki badi, na ce masa ban sani ba. Doreen ba za ta sake ganin Dogon Dutse ba, ni ma da wuya gwiwoyina su kai ni ta titin mota.

Na yi zaton nan maganar ta ƙare. Sai Lahadin da ta wuce bayan sujada Gillian ta tare ni a bakin majami'a, tana ta murɗa safar hannunta. Ta ce tokar gawarka da aka ƙona bayan jana'iza tana kan kabad a ɗakin mamanta, kuma a wasiyyarka ka ce a watsa ta a gindin Dogon Dutse. Ta ce ita da yaran za su iya tsallaka katanga da asuba ba wanda ya gani, amma Audrey tana da shekara tamanin, kuma ta ce ba za a kai mijinta ba tare da ita ba. Sai an buɗe ƙofa. Ta ce kamfanin ya ce ba ya sauraron ɗaiɗaikun mutane, sai dai ƙungiya ta rubuto a hukumance. "Anti Mavis, ke ce sakatariya," ta ce, ba ta iya duban idona ba.

Na ce mata zan yi tunani. Kwana uku na yi ina zagaya teburin kicin kamar akwai maciji a kansa. Na ce a raina ka zauna a kan kabad ɗin har tashin duniya, ai kai ka jawo. Na ce Audrey ma ta sani ta yi shiru, ta hau ta titi. Amma na tuna Audrey ba ta da wani miji sai kai, kuma sanyi yana ƙara shigowa, da zarar ƙanƙara ta sauka a tudu sai watan Maris. Jiya da safe na zauna na rubuta. Na gaishe su, na roƙi alfarma a madadin iyalinka, na ce mun san alheri ne za su yi mana. Ban tsaya neman kalma ko sau ɗaya ba, Selwyn, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Minti goma ya ɗauke ni, kuma da na karanta sai na ga kalmominka ne kusan duka, domin babu wata hanyar da ake faɗin abin. Na kai gidan waya da ƙafata. Yau da yamma suka bugo waya, wani saurayi mai ladabi, ya ce sun amince: Asabar mai zuwa, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, kada mu wuce mutum goma sha biyu, kuma mai gadinsu zai raka mu ya kulle ƙofa a bayanmu. Na ji bakina yana cewa na gode.

Zan je ranar Asabar. Zan riƙe hannun Audrey a wuraren da duwatsu suke da santsi, zan tsaya a kowace katanga in ƙirga mutane, tunda dole wani ya yi. Kada ka ɗauka na huce. Shekara hamsin da tara na san ka, kuma sauran kwanakin da suka rage mini zan yi su ne ina kallon tudun nan daga tagar kicin.

Allah ya jiƙanka, Selwyn Pogson. Ya dubi mutanen da ka fitar daga ɗakunansu lokacin da baƙin ciki ya rufe su, ya dubi Asabar takwas ɗin da ka yi a kan katangata, ya sa su yi maka nauyi a gabansa. Ya gafarta maka abin da ka ɓoye, domin shi ya san abin da ya hana ka faɗa, kuma rahamarsa ta fi tawa faɗi nesa ba kusa ba. Ni kuma ina roƙonsa ya ba ni tsawon ran da zan iya yafe maka da zuciya ɗaya, don yau idan na ce na yafe, na ƙara ƙarya a kan wadda na sa wa hannu.

Ga Audrey, da Gillian da mijinta, da jikoki uku, ina miƙa ta'aziyyata da ta dukan waɗanda suka rage a ƙungiya. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku a wannan sanyi, ya sa kada laifin da ba naku ba ya hana ku ɗaga kai a ƙauyen nan. Mu haɗu a ƙofar ruwa ta goma sha bakwai da ƙarfe tara da rabi. Ku zo da wuri, mai gadin ya ce ba zai jira ba.

Mavis Dyson
Withenroyd, Disamba 2019